Tashi daga gida ga kuma tafiyar Sallah Potiskum duk a sati ɗaya, ku ban shawara

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa dan Allah shawara nake nema kaina ya ɗau zafi. Shekara tara muna haya a Kurna a nan Kano, a gidan na haifi uku cikin yarana huɗu, to kwanaki mai gidan ya aiko wai ɗansa zai yi aure a ciki zai zauna, ya bamu wata uku. Mun sha yawo da dillalai har Allah yasa muka samu wani a Danbare ɗaki biyu da falo, an biya an karɓi mukulli. Matsalar ranar da zamu miƙa mukullin tsohon gidan saura kwana biyar Babbar Sallah, shi kuma Abban Hanif ya kafe sai munje Potiskum wajen Hajiyarsu kamar yadda muka saba duk shekara. Wato in kwashe kaya in zube a gidan da ban san kowa a layin ba, in kulle, in ɗebi yara huɗu harda ta goye mu hau titi. Nace bana mu haƙura sai bayan Sallah yace ba zai yiwu ba. Ni ce ban kyauta ba ko kuwa? Wadda ta taɓa haɗa tashi da tafiya ta gaya min yadda tayi.

Ummu Sadiq:
Wa alaikumussalam Maman Hanif, sannu wlh tashi ba wasa bane, ni sau huɗu na tashi a garin nan don haka bari in fara da kayan tukuna kafin azo maganar tafiya. Tunda mukullin sabon gidan yana hannunku kar ki jira ranar ƙarshe, daga gobe ki fara tura abinda bakya amfani dashi kullum, kayan sanyi, manyan tukwane, kulolin da suke cikin kwali, littattafai. Ki aika kasuwar Singa a siyo miki kwalayen taliya da na madara, masu shago suna siyarwa da arha, kowane kwali ki rubuta abinda ke ciki da ɗakin da zai shiga. Fasassun kaya ki naɗe su da zannuwanki maimakon neman jarida. In kafinta yazo kwance gado da sif ki tsaya a kansa, kusoshin kowane gado a leda daban ki ɗaure a jikin gadon, ni nawa haɗe su akayi waje ɗaya sati biyu muna kwana a katifa a ƙasa. Takardun makaranta, takardun haihuwa, gwal ɗinki in akwai, waɗannan basa hawa a-kori-kura, a jakar hannunki zasu tafi.

Ummu Sadiq:
Na manta, ki ware jaka ɗaya ta daren farko. Buta, dadduma, fitila mai caji, gidan sauro, kayan shayi, famfas, sabulu, kayan sawa kala ɗaya ɗaya. Kuma da safe za'a kwashi kaya ba da yamma ba, damina ta shigo hadari baya sallama.

Maman Iman:
Ni dai gaskiya zan faɗa ko ba daɗi, taura biyu bata taunuwa. Kun biya haya, kun biya dillali, ga kuɗin mota ga kafinta ga fenti, ga ragon layya, sannan a ƙara da man zuwa Yobe da dawowa? Kafin a cire tallafi a watan Mayun 2023 farashin gwamnati lita bata kai naira 200 ba, daga baya kowa ya gani sai da ta haura 1,000, tafiyar da ada ake yi ba'a ji ba yanzu sai an zauna anyi lissafi. Potiskum ba guduwa zata yi ba, sati biyu bayan Sallah hanya ta sarara kun huta kuje ku yi kwana biyar ma. Mu tun shekarar nan muka koma zuwa gida sau ɗaya a shekara kuma ba wanda yayi fushi.

Baban Zarah:
Ku bari namiji ɗaya yasa baki. Maman Iman lissafinki gaskiya ne amma akwai abinda bakwa gani. Mutumin da ya bar garinsu yana nema a wani gari, ranar Sallah ita ce ranar da uwarsa take ƙirga 'ya'yanta. Zuwa bayan sati biyu zuwa ne, amma a lokacin 'yan uwansa na Abuja da na Maiduguri duk sun watse, ita kuma so take ta gansu a tabarma ɗaya. Ni na san abinda nake ji in naga Innarmu tana rarraba kai da ƙafa tana cewa wannan na gidan wane ne. Shawarata a nemi ƙaninsa ko ƙaninki ya kwana a sabon gidan kwanakin da bakwa nan, a canja kwaɗon ƙofa gaba ɗaya don baku san hannu nawa tsohon mukullin ya bi ba.

Maman Iman:
Malam to ita matar fa ba uwa gareta ba? Kullum Sallah gidan miji, yaushe za'a ƙirga ta a nasu gidan?

Maman Hanif:
A'a wannan kam bai tauye ni ba, ƙaramar Sallah a Kano muke yi, iyayena suna Gwammaja, tun farkon aure haka muka raba.

Hajiya Kaka:
'Yata Maman Hanif, Allah ya sanya alheri a sabon gida yasa kun shiga a sa'a. Ni abinda ya tsaya min a maganarki cewa da kikayi baki san kowa a layin ba. To wannan shi zaki gyara kafin komai, kwaɗo baya tsare gida kamar maƙwabci. Ranar da kuka kai kayan farko ki sa mayafinki ki shiga gidan dama da na hagu da na kallonku ki gaisa da matan, maigidan kuma yayi sallar Magariba a masallacin layin ya gabatar da kansa wajen liman, in da hali ya leƙa wajen mai unguwa. Ranar tarewa ki dafa ko shinkafa da wake ce ki aika gida uku huɗu. Wanda yaci abincinki in yaji motsi a gidanki da dare zai leƙo. Mu da muka tare a Sharaɗa lokacin duk gonaki ne, da kwanon waina na samu matar da har yau in bani da lafiya ita ke fara zuwa. Tafiya kuma kije 'yata, zumunci a ƙafa yake, tsohuwar nan baki san Sallah nawa ta rage mata ba.

Maman Hanif:
Amin Hajiya nagode ƙwarai, wlh wannan bai zo min a rai ba, kaina na kan kwalaye kawai.

Abu Fatima:
Ni direba ne hanyar nan shekara da shekaru nake binta. Kano zuwa Potiskum wajen kilomita 300 ne, ku fita ta Hotoro ku bi Mariri, Wudil, Gaya, Shuwarin, Kiyawa, Jama'are, Azare sai Potiskum. Da yara ku ƙiyasta awa biyar saboda tsaye tsaye. Abu na farko kar ku tafi ranar jajibere, ranar kowa ke gudu, motocin haya sun yi lodi har saman but kowa na son yayi sawu biyu, ku tafi saura kwana biyu kuna idar da Asuba. In ranar ta faɗo Juma'a ku tabbatar kun wuce Wudil da sassafe don ranar kasuwarsu ce, motocin shanu kaɗai sun isa su riƙe ku a gada. Na biyu motar taje wajen makanike sati ɗaya kafin tafiya ba ana gobe ba, don in an taɓa birki ko an canja wani abu a samu kwanakin gwadawa a cikin gari. Na uku taya, mutane zanen taya kawai suke kallo, a gefenta akwai lamba huɗu, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, in kaga 2319 to sati na 23 a 2019 aka yi ta. Taya 'yar gwanjo zaka ganta da zane raɗau alhali ta tsufa, ta hau kwalta mai zafi da lodi sai fashewa. A duba safaya ma akwai iska, da jak da sifana. Kuma komai daɗin titi kar gudu ya wuce 100, inda aka raba hanya biyu nan mutane suka fi sakin jiki, ga dabbobi na tsallakawa.

Maman 'Yan Biyu:
Abu Fatima Allah ya saka da alheri yanzu na fita na duba tamu 2017 na gani innalillahi. Maman Hanif ɓangaren yara kuma, kar ki basu shayi mai madara da ƙwai da asuba in akwai mai amai a mota, busasshen biredi ko biskit ya isa sai kunyi nisa. Leda baƙa a aljihun kujera, tsumma, ruwa a jarka ƙarama na wanke jiki daban da na sha. Abinci ki dafa naki, dambun shinkafa ko soyayyar taliya basa saurin lalacewa, ki bar wake da miyar ganye. Mai aman ki sa shi gefen taga ki hana shi kallon waya. Kuma dan Allah kar a ɗora yaro a cinya a gaba, duk su koma baya ke ki zauna dasu in ya kama, sannan a danna makullin yara na ƙofofin baya.

Maman Rabi Maraɗi:
Sallama gareku daga Nijar. Ku kuna kukan kilomita 300, mu da muke Yamai aikin maigida duk Tabaski, wato Babbar Sallah, sai mun zo Maraɗi, ya fi kilomita 600, babbar bas muke shiga tun da asuba mu bi Dosso, Dogonduci, Ƙonni, Madawa, sai la'asar ko Magariba mu iso da ɗiya ukku. Shekara guda mu ma mun haɗa ƙaura da tafiya, abinda na yi shine ban buɗe kaya ba ko ɗaya sai katifa da tukunya guda, na jera su ɗaki guda na ɗora bisa bulo don ruwa, na rufe da tamfol na kulle. Da muka komo na buɗe su sannu sannu cikin sati biyu. Wahalar tana ga wadda ke son ta jera gida tsaf kamin ta tafi, ki bar jere sai kin komo 'yar uwa.

Maman Hanif:
Maman Rabi kin taɓo ni, wlh abinda ke raina kenan, so nake in ga labule a rataye kafin in fita.

Malama Ummi:
Labule zai jira. Abinda bazai jira ba ki karanta Baƙara a gidan ko ki kunna ku saurara, ya tabbata a hadisi shaiɗan yana gudun gidan da ake karanta ta, sannan da kun sauka ku ce a'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ, ki koya wa yaran ma. A hanya kuma tafiyarku ta kai ta ƙasaru don a mazhabar Malikiyya mil 48 ne wajen kilomita 80, ku kun ninka haka. Sai dai shi maigidan in ya shiga garinsu, ko kuka yi niyyar kwana huɗu, ya tambayi malami kan cikawa don akwai bayani a wurin. Layya kuma tana yiwuwa har kwana na uku, ba dole sai kun ja rago daga Kano ba.

Baban Zarah:
Rago daga Kano zuwa Potiskum ai kai ruwa rafi ne, garin da kasuwar dabbobinsa tana cikin manya a Afirka ta Yamma, daga can ake lodin tireloli zuwa kudu. Ya tura wa ɗan uwansa kuɗi a siya masa a can tun yanzu kafin ya ƙara tashi.

Maman Hanif:
To tunda kun buɗe min zuciya bari in faɗi gaskiyar abinda ke damuna, ba hanyar bace kaɗai. In munje can mu huɗu ne matan 'ya'yan Hajiya amma ni ce matar babba, ranar yanka raguna biyar zuwa shida ake kayarwa a gidan, wankin hanji ni, suya ni, tun azahar ina gaban murhu har sha ɗayan dare washegari a ɗora da kai da ƙafa. Facalolina ɗaya tace hayaƙi na tada mata asma, ɗaya kullum da ciki ko goyo, ɗayar amarya ce ba'a sa ta. Ban taɓa ƙorafi ba don Hajiya tana sona tsakani da Allah, 'yata take ce min. Amma bana ga goyon wata biyar ga bayana tun haihuwar nan bai koma daidai ba, ga kwasar kaya, ina tuna kaskon suyar nan sai inji hawaye. Sannan barin Kurnar ma kansa yana cina, akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu Iya, ita ta min wankan jego uku, in zan fita ita nake bar wa yara, ko gishiri ya yanke ta katanga nake miƙa hannu. Jiya na shiga gaya mata ranar tashi ta juya kai tana share ido da bakin zani. Shi Abban Hanif gani yake kaya ne kawai za'a ɗauka a sauke.

Ummu Sadiq:
Allah sarki. To ai kinga wannan ita ce maganar, shi ya sani kuwa? Ko cewa kawai kikayi a haƙura da tafiya?

Maman Hanif:
Ban gaya masa ba, kar yaga kamar ina ƙin 'yan uwansa.

Maman Iman:
Kin gani ko, shekara nawa kina ƙona fuskarki a murhu shi yana waje ana hira a tabarma bai ma san me ake ciki ba. Shi yasa nace kar taje.

Hajiya Kaka:
A'a Maman Iman ƙin zuwa baya gyara wannan, baɗi ma kaskon na nan yana jiranta. 'Yata maza basa ganin aikin cikin gida sai an nuna musu, ba mugunta bace, basa wajen ne. Ki samu lokacin da yaci ya ƙoshi ki ce masa kina son zuwa ki gaida Hajiya amma jikinki bazai iya suyar bana ba, ki faɗa masa yadda kika faɗa mana ɗin nan ba tare da kin ambaci sunan matar kowa ba. Akwai mata a kowace unguwa da suke aikin suya a biya su, shi da ƙannensa su haɗa kuɗin mata biyu, nawa ne a kan kuɗin rago shida. Kuma ke da bakinki ki kira Hajiyar ki gaya mata bayanki na ciwo, matar da ta haifa ta san ciwon bayan jego, ita zata hana ki ma. Iya kuma kar ki yi mata sallamar rabuwa, Kurna da Danbare duk Kano ce, ki ɗauke ta a adaidaita ranar tarewa taje ta sa miki albarka a gidan ta san hanya.

Baban Zarah:
Na yarda da Hajiya. Kuma wlh nima yau zan tambayi tawa wa yake suya in munje gida, ban taɓa tambaya ba.

Maman Walid:
Ni a Danbaren nake, barka da zuwa unguwarmu. Kafin ku tare ku duba mita, in ta kati ce a duba ko tsohon ɗan haya ya bar bashi a kai don mu haka muka tarar duk katin da muka sa sai an zabge wani abu, ku sa mai gida ya warware tun yanzu a rubuce. Ki tambayi maƙwabta ruwa, wasu layukan bohol ne wasu sai 'yan garuwa, ki samu lambar mai kura ɗaya. Sannan ki kalli silin da kyau in kinga tabo ruwan ƙasa ƙasa to yoyo ne ko an shafe da fenti, kar ki ajiye katifa ko kwalin littafi a ƙarƙashinsa. Islamiyya akwai su da yawa, ki min magana ta ciki in kin shigo in raka ki.

Maman Hanif:
Nagode 'yar uwa zan miki magana insha Allah. Nagode muku duka, yau da dare zan masa maganar.

Maman Hanif:
Slm 'yan uwa na dawo da labari, kuyi haƙuri sai yanzu. Na masa magana daren nan, shiru yayi can yace shi wlh tunaninsa tare muke yi mu huɗu. Washegari da kansa ya kira ƙannensa aka samu mata biyu, Hajiya kuma da na kirata faɗa ta min wai me yasa ban faɗa tun bara ba. Mun tare ranar Talata, Iya ta biyo mu ta wuni ita ta kunna turaren wuta ta zaga dashi ɗakunan, na aika shinkafa gida huɗu kamar yadda Hajiya Kaka tace. Tayoyin baya biyu aka canja Abu Fatima, 2018 ne a jiki. Mun fita bayan Asuba ƙarfe sha ɗaya da rabi muna Potiskum, Hanif yayi amai sau ɗaya wajen Gaya, mun tsaya Azare sun ci dambu. Suya na taɓa kaɗan don bazan iya zama ina kallo ba amma kafin Isha'i na kwanta. Kwana uku mukayi, mun dawo da bokiti biyu na nama na kai wa Iya nata na bawa sabbin maƙwabta. Ƙanina ya kwana a gidan ba abinda ya ɓata, sai dai anyi ruwa mai ƙarfi muna can, Maman Walid maganarki ta tabbata silin ɗakin yara ya zuba, Allah yasa kayan suna kan bulo kwali ɗaya ne ya jiƙe na littattafan Islamiyya, suna tsakar gida na shanya. Ƙaramin namijin har yanzu in Magariba tayi sai ya ɗauko takalminsa yace mu tafi gida, Kurna yake nufi.

Hajiya Kaka:
Alhamdulillah. Ki kai shi wajen Iya ranar Juma'a ya wuni, a hankali zai saba.

Maman Hanif:
Insha Allah Hajiya. Maman Walid dan Allah in kin san mai gyaran kwano a nan kusa ki turo min lambarsa ta ciki, naga hadari na haɗowa ta gabas kuma mai gidan baya ɗaga waya tun jiya.